Daga Fagen Fama Zuwa Filin Nuni: Tarihin Motocin Soja na Gwanjo da Masu Sha'awar Raya Su

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bin diddigin manyan motocin ɗaukar kaya waɗanda aka ƙera domin Yaƙin Duniya na Biyu, tun daga masana'anta har zuwa hannun masu sayensu don sha'awa, su gyara su, su adana. Za mu yi ƙoƙarin nuna cewa irin wannan mota takan yi rayuwa uku, watau ta soja, da ta neman abinci, da ta nuni. Abin da ya dame mu shi ne, irin gyaran da ake yi yakan raya ta farko ya binne ta biyu, alhali kuwa ta biyun ce ta fi tsawo, kuma ita ce ta shafi ƙasarmu.

2.0 Rayuwar Soja

Tsakanin 1941 da 1945 kamfanin General Motors na Amurka ya ƙera mota samfurin GMC CCKW fiye da 560,000. Mota ce mai taya goma, ƙafafunta na gaba da na baya duk suna ja, an kuma tsara ta don ɗaukar tan biyu da rabi a hanyar da ba kwalta. A daidai waɗannan shekaru kamfanin Vauxhall ya ƙera Bedford QL kimanin 52,000 a garin Luton na Ingila. Ita kuwa Kanada ta fitar da motocin soja fiye da 800,000, galibinsu Ford da Chevrolet.

An ga amfanin waɗannan motoci ƙarara bayan saukar sojojin ƙawance a Nomandi. Da yake an ragargaza hanyoyin jirgin ƙasa na Faransa, sai aka shirya jigilar da ake kira Red Ball Express, daga 25 ga Agusta zuwa 16 ga Nuwamba 1944. Da aiki ya yi tsanani motoci kusan 6,000 ne ke zirga-zirga dare da rana da fetur da harsashi da abinci, kuma kimanin kashi uku cikin huɗu na direbobin baƙaƙen fatar Amurka ne.

3.0 Rayuwar Neman Abinci

Da aka ƙare yaƙi sai motocin nan suka zame wa gwamnatoci kaya. Amurka ta riga ta kafa dokar sayar da rarar kayan yaƙi tun 1944. A Ingila kuwa rumbun soja na Ruddington, kusa da Nottingham, ya yi ta gwanjon motoci har aka rufe shi a 1983. Ta haka ne GMC ta koma motar kashe gobarar daji a Faransa, Ford da Chevrolet na Kanada suka shiga jan gungume a Ostareliya.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofarmu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kafa a 1943, sun yi yaƙin Bama, kuma da yawa daga sojojinmu sun dawo da sana'ar tuƙi da kanikanci. Dawowarsu ta zo daidai da bunƙasar cinikin gyaɗa, lokacin da buhuna suka taru dala-dala a Kano domin jirgin ƙasa ya kasa kwashe su. Motoci ne ke kawo gyaɗar daga ƙauyuka zuwa bakin dogo, cikinsu har da na soja da aka saya gwanjo. Kafinta ya yi wa mota bodin katako, mai fenti ya rubuta mata kirari a goshi, makanike da maƙeri su ƙera abin da babu shi a kanti. Ashe ke nan motar da ta yi wa soja aikin shekara uku ko huɗu tana iya yi wa farar hula ninkin ba ninkin haka.

4.0 Rayuwar Nuni

Tara waɗannan motoci don sha'awa ya kankama ne a Turai da Amurka bayan da suka fara ƙaranci. A 1968 aka kafa ƙungiyar da daga baya ta zama Military Vehicle Trust a Ingila, a 1976 kuma aka kafa takwararta a Amurka. Masu wannan sha'awa kan yi jerin gwano zuwa Nomandi a bukukuwan tunawa da yaƙin.

Aikin nasu ba wasa ba ne. Akan kwance mota har sai shasi ya rage, a kankare tsatsa da feshin yashi, a yi walda, a sauke inji mai silinda shida a sake haɗa shi, a sabunta birki da wayoyin lantarki, bisa ga littafin gyara na soja mai lamba TM 9-801. Dole mai GMC ya san wane irin gatari ne a ƙarƙashin motarsa, domin iri biyu aka yi, na Timken da na General Motors, kuma kayan ɗaya ba sa shiga ɗaya. Bayan gyara ga ɗawainiyar riƙo: tanki mai galan 40 ba ya kai ta fiye da kimanin mil 300, gudunta bai wuce mil 45 a awa ba, ga taya goma, ga neman rumfar ajiya. In kuwa aka bar ta a tsaye ba a tayarwa, birki ya cije, roba ta bushe. Wajibi ne mu yaba musu, domin ba don su ba da an narkar da yawancin abin da ya rage.

5.0 Inda Gizo Ke Saƙa

Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Mai gyara yakan ɗauki ranar da mota ta fito daga masana'anta a matsayin ainihin kamanninta, duk abin da ya biyo baya kuma ya ɗauke shi ɓarna. Saboda haka yakan cire jan fentin 'yan kwana-kwana, ya jefar da bodin da manomi ya ɗora, ya shafa koren fentin soja da farin tauraro. Sau da yawa ma yakan rubuta lambar wata shahararriyar runduna ba tare da hujjar cewa motar ta taɓa aiki a cikinta ba. A wurin masanin tarihi wannan hasara biyu ce: an goge shaida ta gaskiya, an kuma ɗora wadda ba ta da tushe.

Har ila yau, abin da ya tsira ba ya wakiltar abin da ya gudana. Motocin da suka kai ga masu sha'awa galibi waɗanda suka daɗe a rumbunan sojojin Turai ne, kamar na Faransa da Nowe, ana kula da su. Waɗanda suka zo Afirka kuwa aiki ya cinye su, ragowarsu ta faɗa hannun 'yan gwangwan. Wanda ya dogara da filin nuni kaɗai zai zaci tarihin waɗannan motoci ya tsaya a 1945, kuma a Turai.

6.0 Kammalawa

Muna ba da shawara uku. Ta farko, kafin a taɓa tsohuwar mota a ɗauki hotonta ta kowace fuska, a rubuta lambar shasi da abin da ke kan farantin masana'anta, a kuma ajiye abin da aka cire. Ta biyu, a bar wasu motocin da kamanninsu na farar hula. Ta uku ta shafe mu ne, mu mahalarta wannan taro: mu tura ɗalibanmu tsofaffin tashoshi da garejoji, su ɗauki bayanin dattawan direbobi da makanikai waɗanda suka yi yaran mota a hannun 'yan Bama, su kuma nemi hotuna da takardun lasin da ke cikin adakokin iyalansu. Ƙarfen ya riga ya tafi. Waɗanda suka san labarinsa kuwa kullum raguwa suke yi.