Cirar kuɗin agaji da ba a gane ba a takardar banki

Masu asusu a bankunan Faransa, har da ɗalibai da 'yan ci-rani daga Nijar, Kamaru da Cadi, sukan tarar ana cire musu 'yan kuɗi kowane wata da sunan wata ƙungiyar agaji. Galibi ba sata ba ce. Mutum ne ya sa hannu a takardar masu neman taimako a bakin titi, yana zaton sau ɗaya zai bayar, alhali izinin cira ne na wata-wata, wanda banki ke rubutawa prélèvement SEPA. Wani lokaci kuma sunan kamfanin da ya karɓi kuɗin ne ke fitowa, irin su HelloAsso, ba na ƙungiyar ba.

Kowace cirar SEPA tana ɗauke da lamba biyu: ICS, ta mai karɓa, da RUM, ta izinin. Da su banki ke gano mai cirar. Mai asusu yana da mako 8 ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ba tare da ba da dalili ba. In bai taɓa ba da izini ba, wa'adin wata 13 ne. Sai dai mayar da kuɗi ba ya soke izinin. Dole a rubuta wa ƙungiyar, a kuma sanar da banki.

In ta kati aka cire, abin ya fi haɗari, domin ɓarayi kan gwada katin sata da ƙaramar sadaka kafin su yi babbar sayayya. Nan sai a rufe katin nan take.