Wane Ne Ɗan Gata?



Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana tare da mu zai tuna wanda muke kira ɗan gata. Shi ne wanda ya dawo hutu da akwati cike da madara da sukari da Bournvita, alhali mu da muka hau akori-kura daga Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa sai garin kwaki da ƙuli-ƙuli. A wancan lokaci, gata a wurinmu kuɗin uba ne kawai.

Amma a bakin magabata, gatan mutum shi ne wanda ya tsaya masa. Shi ya sa ake cewa Allah gatan kowa, kuma idan an ce yaro ba shi da gata, ana nufin babu mai kula da shi, ko da an bar masa gado.

Tarihin Bebeji ya ishe mu misali. A nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, mahaifiyarsa Amarya kuma ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu. Wata baiwa mai suna Tata ce ta riƙe shi, har sunanta ya bi shi. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya shiga cinikin gyaɗa, ya bunƙasa. A 1929 ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi ashirin bankin Turawa na Kano. Ya rasu a 1955, ana lissafa shi cikin manyan attajiran Afirka ta Yamma.

To, ku duba. Sunan da zuriyarsa ke amsawa ba na wani mai hannu da shuni ba ne, na baiwar da ta zama gatan maraya ne.

Ni ma a aji uku saura kaɗan in bar karatu saboda rashin kuɗin makaranta. Wani malaminmu ya biya daga albashinsa, bai taɓa faɗa wa kowa ba. Allah ya jiƙansa.

Irin waɗannan yara suna nan a azuzuwan da muka bari. Idan aka zo maganar asusun tallafi a taronmu na gaba, ina roƙon kowa ya ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya.

Wassalam.