Taimin, Adibas da Ƙarar da Ba Ta da Suna

A garejin kanikawa, daga Sanyinna zuwa Tambuwal har Kebbe, kalmar taimin tana ɗauke da kaya biyu. Akwai taimin na sarƙa ko bel, wanda ke tsara lokacin buɗewa da rufewar bawul. Shi sai an kwance gaban inji. Akwai kuma taimin na wuta, wato lokacin da fulogi ke yin tartsatsi a cikin silinda. Wannan noti ɗaya ake sassautawa a gindin distiributa, a ɗan murɗa ta. Direba ya ce taimin ya goce, bakanike ya gyaɗa kai, alhali kowa da abin da yake nufi. Taimin na wuta ne ya dame ni, don shi ake taɓawa kullum a motoci masu kafireto.

Ba a ba fulogi wuta daidai lokacin da fistin ya kai ƙololuwa. Haɗin fetur da iska ba ya fashewa nan take, ci yake yi, kuma cin yana ɗaukar ɗan lokaci. Saboda haka sai a kunna shi tun fistin yana hanyar hawa, yadda ƙarfin zai cika bayan ya ɗan juyo ƙasa. Sunan da littattafan masu ƙera mota suka ba wannan gaggawa Hausa ta daɗe da aro shi, amma ta kai shi kasuwa: adibas, kuɗin da ake ba tela ko birkila kafin aiki ya kankama. A gareji kuwa sai ka ji "taimin ya yi sama" ko "ya yi ƙasa". Ni na fi son adibas. Sama tana sa yaron gareji ya zaci ƙarfi yake ƙara wa wutar, alhali wutar tana nan yadda take, sammako kawai aka sa ta yi.

Da digiri ake auna adibas, a jikin alamar da aka zana kan fulin gaban inji ko kan filawil. Yawancin irin waɗannan injina suna son tsakanin digiri 5 da 12 kafin ƙololuwa idan suna silo, sannan su haura 30 idan gudu ya kai wajen juyi 3,000 a minti. Distiributa rabin juyin inji take yi, don haka murɗa ta digiri ɗaya digiri biyu ne a wurin fistin. Hannu mai nauyi ba nasa ba ne wannan aiki.

To wa ke ƙara adibas ɗin daga 10 zuwa 30? A tsohuwar Ford Model T, wadda aka fara sayarwa a 1908, direba ne da kansa, da wani ɗan hannu a jikin sitiyari. Daga baya aka mayar da aikin cikin distiributa, aka ba abubuwa biyu. Na farko wasu 'yan ƙarafa ne masu nauyi a ƙarƙashin farantin kwantak, da sifirin a jikinsu. Gudu na ƙaruwa suna buɗewa, suna tura wuta gaba. Na biyu ɗan gwangwanin nan ne da ke manne a gefe, da siririn tiyo da ya taso daga kafireto. Idan ƙafa ba ta danne totur ba, zuƙar iska takan ja shi ya ƙara adibas, a nan ne mota ke samun sauƙin shan mai.

Ɗaga bonet ɗin a-kori-kurar Fijo 504, irin waɗanda kamfanin PAN ya haɗa a Kaduna bayan buɗe shi a 1975, ka duba wannan tiyo. Sau da yawa za ka tarar rana ta busar da shi ya tsage, an yanke, an toshe bakin da ƙusa. Ka cire murfin distiributa ka murɗa rota da yatsa: ya kamata ta ɗan juya ta dawo da kanta. Idan ta ƙage, ƙurar hunturu da tsatsa sun riƙe ƙarafan. Shi ma kwantak, da dunduniyarsa ta cinye, tazarar bakinsa ta wajen milimita 0.4 ta ragu, wuta ta riƙa makara. Bakanike ya saita silo da kunne har inji ya yi luf, kuma kunnen nasa bai yi ƙarya ba. Sai dai silo kaɗai ya saita. Motar ta hau titin Jega tana zafi, lagireto na tafasa, mai na tafiya. Tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wannan ƙusa ta zama mai tsada.

Kalmar da ta fi ba ni takaici ita ce buga. A wurinmu inji ya buga yana nufin ya mutu, sai sabon ringi da metal ko a nemo wani. Amma bugun da injiniyoyi ke magana a kai wani abu ne daban, mai zuwa tun da wuri: ragowar haɗin da harshen wuta bai kai gare shi ba ya fashe da kansa saboda zafi da matsi, ka ji ƙas-ƙas-ƙas siriri daga kan inji lokacin da mota ke jan kaya a babbar giya. Mun ba mutuwar suna, gargaɗin kuwa mun bar shi haka, wani ya ce kukan bawul ne, wani ya ce halin tsohuwar mota ne. Wannan ƙara ce ke cin bakin fistin, ta ƙona gaskit.

Kuma a ƙasar Sakkwato ƙarar ta fi saurin zuwa. A watan Afrilu zafi kan wuce digiri 40, iskar da kafireto ke zuƙa ta riga ta gasu, man galan na 'yan bumburutu kuma wani lokaci da kananzir a ciki. Saboda haka lambar digirin da ke littafi mafari ce kawai. A saita ta da fitilar taimin, sannan a ɗora wa motar buhunan geronta, a fita da tsakar rana, a danna totur a giya ta huɗu daga ƙaramin gudu. In ƙarar ta fito, a mayar da wuta baya digiri biyu, a sake gwadawa.