Daga Lissafin Taurari Zuwa Tauraron Ɗan'adam: Tarihin Sanin Damina a Ƙasar Kebbe da Tambuwal

Gabatarwa

A ƙasar Kebbe da Tambuwal, can kudancin Jihar Sakkwato, babu wata shawara da ta fi nauyi a kan magidanci kamar ta ranar shuka. Wanda ya yi gaggawa ya zuba irinsa a ruwan farko, sa'an nan sama ta ɗauke kwana ashirin, ya yi hasarar iri da wahala. Wanda kuwa ya yi nawa, sai damina ta ƙare masa dawa ba ta nuna ba. Wannan maƙala ta bi diddigin hanyoyin da aka bi don warware wannan matsala, tun daga lissafin malamai har zuwa tauraron ɗan'adam mai leƙen gizagizai, da kuma ƙoƙarin da aka yi na kai wannan ilmi ga masu bukatarsa.

Ilmin da aka gada

Tun kafin zuwan Turawa, malaman ƙasar Hausa suna riƙe da lissafin taurari da suka samo daga littattafan Larabci. Sun kasa shekara gida 28, kowane tauraro da kwana 13, ban da guda mai kwana 14, jimla 365 ke nan. Da wannan ne suke faɗa wa manoma shigar bazara da damina da kaka da ɗari. Su kuma manoma suna da nasu alamu: juyawar iska, da tohon itatuwa, da dawowar shamuwa, da ɓacewar Kaza da 'Ya'yanta daga sararin yamma. Wanda ya amince da alamun yakan yi binne, watau ya shuka gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa.

Amma wannan lissafi na lokacin da ruwa ya saba zuwa ne. Ba ya iya bambanta shekarar albarka da shekarar fari. Yunwar 1914, wadda aka yi wa laƙabi da Kakalaba, ta zo ne taurari suna nan a mazauninsu. Ma'aunan ruwan sama da aka kakkafa a zamanin Turawa ma ba su toshe wannan kafa ba, domin yawancinsu a manyan garuruwa suke, kuma abin da ya riga ya zuba suke faɗi. Duk da haka, alƙalumansu ne J. M. Kowal da D. T. Knabe na Samaru suka tattara, suka fitar da littafin taswirorin yanayin noma na jihohin Arewa a 1972, wanda ya nuna lokacin faɗuwar damina da tsawonta a kowane sashe.

Farin da ya sauya al'amura

A ranar 1 ga Afrilu 1960 Amurka ta harba TIROS-1, tauraron ɗan'adam na farko da ya yi nasarar aiko da hotunan gizagizai. Sai dai Afirka ta Yamma ba ta ci moriyar wannan fasaha sosai ba sai bayan farin da ya addabi yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974, wanda ya tsananta a Arewacin Nijeriya a 1972 da 1973. Dabbobi suka hallaka, jama'a suka yi ƙaura, ga shi kuwa hukumomi ba su gane girman masifar ba sai da rumbuna suka ƙare.

Saboda haka a 1973 ƙasashe shida na Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari mai suna CILSS, a 1974 kuma aka buɗe cibiyarta ta AGRHYMET a Yamai. Aikin cibiyar biyu ne: tattara bayanan ruwa da amfanin gona, da horar da ma'aikatan da za su fassara su. A Nuwamba 1977 ƙasashen Turai suka harba Meteosat na farko. An ajiye shi a nisan kimanin kilomita 36,000, yana kewayawa daidai da juyawar duniya, har ya zama kamar a tsaye yake bisa tekun da ke kudu da Gana. Ke nan Afirka ta Yamma tana daidai ƙarƙashin idonsa, yana ɗaukar hotonta kowane rabin sa'a, dare da rana.

Yadda ake auna ruwa daga sama

Meteosat ba ya ganin ɗigon ruwa. Abin da yake aunawa shi ne zafi ko sanyin saman girgije. Hadarin da ke kawo ruwa a ƙasar Hausa yakan yi tsiri ƙwarai, kuma gwargwadon tsayinsa gwargwadon sanyin kansa. Masana na Jami'ar Reading a Ingila, a shirinsu na TAMSAT, suka gina hanyarsu a kan wannan a shekarun 1980: a ƙidaya sa'o'in da girgije mai tsananin sanyi ya yi bisa wani wuri cikin kwana goma, a gwada da abin da ma'aunan ƙasa suka nuna, sai a sami kimanin ruwan da ya sauka har a inda babu ma'auni ko ɗaya. Bayanansu sun faro ne daga 1983, suka ritsa da farin 1984.

Hotunan sun tabbatar da abin da kowane manomi ya sani, cewa hadari daga gabas yake tasowa. An ga yadda yakan haɗu ya yi sahu, ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa yamma, har hadarin da ya taso a ƙasar Zamfara da la'asar ya iya isa Kebbe da dare. Haka kuma binciken EPSAT-Niger, wanda ya jera ma'aunai kimanin ɗari a kewayen Yamai daga 1990, ya nuna cewa ƙauyuka biyu maƙwabta suna iya samun ruwa mabambanci ƙwarai a damina guda. Wannan shi ne iyakar na'urar: tana faɗin gaskiya a kan gunduma, amma takan kuskure a kan gona ɗaya.

Daga bisani na'urorin suka ƙara kaifi. Sabon jerin Meteosat da aka fara harbawa a 2002 ya mai da tazarar hoto minti 15, wanda aka harba a Disamba 2022 kuwa minti 10.

Kai ilmi ga jama'a

Samun hoto daban, isar da ma'anarsa daban. Ƙasar Mali ce ta yi abin koyi tun 1982, inda aka raba wa manoma ma'aunan ruwa, aka koya musu rubuta abin da ya sauka, ana kuma watsa musu shawara ta rediyo kowane kwana goma. A 1987 aka kafa cibiyar ACMAD, mai mazauni a Yamai, don hidimar Afirka baki ɗaya, kuma daga 1998 masana yankin suka riƙa haɗuwa kowace shekara su fitar da hasashen damina tun ba ta faɗi ba. A Nijeriya, dokar 2003 ta kafa Hukumar Kula da Yanayi, watau NiMet, wadda ke fitar da hasashen shekara mai nuna lokacin faɗuwar ruwa da ɗaukewarsa, har da fassararsa cikin Hausa.

A nan ne aikin ya faɗo hannun masana harshe. Kalmar yanayi ita kaɗai take ɗauke da halin sama na yini guda da kuma na shekaru talatin, alhali masana sun raba su. Hasashe kuwa magana ce ta rinjaye, ba ta yanke ba. In aka fassara ta da sigar tabbas, ranar da ruwa ya saɓa sai manomi ya daina saurare, wani ma ya ɗauke ta shiga gaibu. Ga kuma kalmomin da Hausa ta riga ta tanada, irin su yayyafi da hadari da marka, wadda Basakkwace ke cewa malka, da fari, wanda yake cewa hwari. Sanarwar da ta tsallake waɗannan ta ari baƙin kalmomi ba za ta zauna a kunnen mutumin Kuchi ko Dogon Daji ba.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa kowane mataki ya cike giɓin na bayansa ne, bai kore shi ba. Lissafin taurari ya tsara shekara, ma'auni ya ƙidaya abin da ya zuba, tauraron ɗan'adam ya nuna inda hadari yake da inda ya dosa. Abin da ya rage aiki ne na makaranta da rediyo: a daidaita kalmomin wannan fanni cikin Hausa, a sa ma'aunin ruwa a harabar makarantun Kebbe da Tambuwal, ɗalibai su riƙa rubutawa suna gwadawa da hasashen da aka bayar. Sashen nazarin ƙasa da na harsunan Nijeriya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, su ne mafi kusa da wannan aiki, kuma ba zai yiwu ba sai sun haɗa hannu.