Me ya sa ƙaramin jirgin sama ke shan wuya bisa duwatsu?

Duk wanda ya taɓa sauka filin jirgin saman Agadez ya san sunan Mano Dayak. Ran 15 ga Disamba 1995, ƙaramin jirgin da ya ɗauko shi daga cikin duwatsun Abzin zuwa Yamai ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa, kuma babu wanda ya tsira. An yi ta maganganu kan sanadin hatsarin. Mu dai yau abin da za mu duba shi ne dalilan da ke sa ƙetare duwatsu cikin ƙaramin jirgi yake da haɗari ko'ina cikin duniya.

Tudu da zafi

Iska ce ke ɗauke da jirgi, ita ce kuma injinsa ke shaƙa. Iya hawanka sama, iya raguwar kaurin iskar, zafi kuma sai ya ƙara tsinka ta. Injin ƙaramin jirgi, in ba shi da na'urar cusa masa iska, yakan rasa wajen kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 300. Agadez na bisa tudun wajen mita 500, ƙololuwar dutsen Bagazam kuwa mita 2,022 ne. Can sama kenan kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya tafi. In aka haɗa da zafin Afrilu da Mayu mai wuce digiri 40, da kaya fiye da kima, sai jirgi ya cinye filin tashi bai ɗaga ba, ko ya ɗaga ya kasa hawa.

Iskar bayan dutse

Iska mai ƙarfi in ta bugi dutse hawa take, ta gangaro ta bayansa kamar ruwan kwazazzabo. Jirgin da ya shiga wannan gangara, iskar na iya danna shi ƙasa da saurin da ya fi ƙarfin hawansa. Shi ya sa matuƙan da suka san aiki suke ƙetare dutse da tazara mai yawa, kuma a karkace, don su samu hanyar juyowa.

Hazo da kwari

Yawancin masu tuƙa ƙananan jirage da ido suke aiki. To, lokacin hunturu hazo kan rufe duwatsu har mutum ya kasa raba sama da ƙasa. Wani tarkon shi ne kwari mai matsewa: matuƙi ya bi shi, gaba dutse, gefe babu wurin juyawa. In inji ɗaya ne kuma ya mutu, ba fili, sai duwatsu.

Nisan agaji

Ko an tsira da rai, saura ƙishirwa, da rauni, da sanyin dare, ga babu layin waya. A nan ne abu biyu ke ceto: takardar tsarin tafiya da matuƙi ke bai wa masu kula da zirga-zirgar jirage, wato ASECNA a ƙasarmu, da na'urar neman agaji da ke aika saƙo ta tauraron ɗan'adam in jirgi ya faɗi.

Abin da za mu kiyaye

In tafiya ta kama mu ko wani namu, a nemi tashin sassafe, kafin rana ta yi zafi iska ta tashi. Kada a ɓoye nauyin kaya. A riƙe ruwa isasshe da bargo, a kuma sanar da ƴan uwa lokacin tashi da na sauka. In matuƙi ya ce yau ba tafiya, don Allah kada a matsa masa, ko biki ne ko rasuwa.

Makiyaya da mutanen ƙauye kuma, in kun ga jirgi ya faɗi, ku lura da wurin sosai, ku aika wa jandarmomi ko maigari da gaggawa. A taimaki masu rauni, amma kada a kusanci tarkacen da wuta ko taba, don mai na iya kamawa. Allah ya kiyaye hanya.