ABARE, 2010: DALMA, SIKELI DA ƊIGON LISSAFI

Edita ya matsa mini lamba in rubuta wani abu game da aikin jinya, sai na ga gara in ba ku tarihin abin da ya faru a Abare ta ƙaramar hukumar Anka, tunda ina cikin ma'aikatan da suka yi jinyar yaran da abin ya shafa.

A watan Maris na 2010 ne ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka samu labarin yara ƙanana na ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaro zai fara amai, sai jijjiga, sai suma. An ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, shiru. Da aka auna jini sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariya da ake haƙowa cike suke da dalma, kuma a cikin gari ake niƙa su, wasu ma a tsakar gida ake dakawa a turmi, inda yara ke rarrafe suna kai hannu baka. Yara kimanin 400 suka rasu a Abare, Dareta, 'Yargalma da maƙwabtansu. Allah Ya jiƙansu.

An buɗe wuraren jinya a asibitocin Anka da Bukkuyum, kuma kafin a bar mu mu taɓa yaro sai da aka mayar da mu aji. Ni da na yi shekaru ina ɗaura ƙarin ruwa, na ɗauka raini ne. Ashe ban sani ba.

Ƙa'idar ita ce, yaron da dalmar jininsa ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita yana buƙatar magani. Na'urar awon da ake ɗauka a hannu kuwa ba ta wuce 65, ga shi yara da yawa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Maganin, DMSA, kafso ne mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari. Ba da shekaru ake auna shi ba, da nauyi ne: miligiram 10 ga kowane kilo. Mai kilo 9 miligiram 90 ne rabonsa. Ɗigo ya goce wuri ɗaya, ka ba shi 9 ko 900. A nan na tuna malaminmu na lissafi a aji uku, wanda kan soke amsa gaba ɗaya saboda ɗigo. Malam, ka yafe mana zagin da muka yi maka a ɗakin kwana.

Yaran da gubar ta taɓa wa ƙwaƙwalwa, waɗanda ba sa iya haɗiya, su ne ke ɗakin kulawa ta musamman, kuma ta jijiya ake ba su wani magani, EDTA mai kalsiyam. Yana da wani ɗan uwa, EDTA maras kalsiyam, wanda ke zuƙe kalsiyam ɗin jini har zuciya ta tsaya. A 2005, a jihar Texas ta Amurka, wata yarinya 'yar shekara 2 mai gubar dalma ta rasu saboda an ba ta wannan a maimakon wancan. Ke nan ba sai a ƙauye ake kuskure ba. Shi ya sa mutum biyu ke karanta kwalba, mutum biyu ke lissafi, kowa da takardarsa.

Abin da ya fi yi mana wuya shi ne bayani ga iyaye cewa magani ba zai amfani yaron da zai koma wasa cikin ƙasa mai guba ba. Uwa na kallonka, kafso na aljihunka. Dole sai an kankare ƙasar gidaje an zuba sabuwa. An yi wa Abare wannan aiki tsakanin ƙarshen 2010 da farkon 2011. Bagega kuwa sai 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi, kuma yaranta suka yi ta jira.

A 2022 MSF ta miƙa aikin ga gwamnatin Zamfara. Ni dai har na yi ritaya ban ƙara ba yaro magani ba sai na ga nauyinsa a sikeli da idona, ko da likita ya riga ya rubuta.