Gwajin jini na CA 15-3 da sankarar mama

CA 15-3 wani sinadari ne da ƙwayoyin sankarar mama kan zuba cikin jini, kuma likitoci kan auna shi domin ganin ko magani yana aiki.

Galibin ɗakunan gwaji suna ɗaukar ma'auni 30 zuwa ƙasa a matsayin daidai, amma likita ya fi lura da hawa ko saukar adadin daga wata zuwa wata.

Gwajin dai ba ya gano cutar. Matar da ta taso daga Argungu zuwa asibitin Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi da ƙullutu a mama tana iya samun sakamako mai kyau alhali cutar tana nan, domin a matakin farko adadin ba kasafai yake hawa ba. Sai an ɗebi ɗan naman ƙullutun an bincika ake tabbatarwa.

A shekarar 2007, ƙungiyar likitocin sankara ta Amurka, ASCO, ta ce amfaninsa yana ga wadda cutar ta riga ta bazu a jikinta, shi ma tare da hoto da duban likita.

Ciwon hanta kan ɗaga adadin, haka nan makonni 4 zuwa 6 na farkon sabon magani, shi ya sa ba a sauya magani kan sakamako guda.